Idan Ruwa Ya Taso Cikin Dare, Wa Zai Fara Fita? Yadda Kwamfuta Ke Kwaikwayon Halin Mutane Kafin Bala'i

A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar ruwan Bagauda da ke yankin Bebeji ta ɓalle. Ruwa ya bi ta kan gonaki da gidaje, an yi asarar rayuka da dukiya. Yawancin masu karanta wannan shafi ba a haife su ba a lokacin, sai dai su ji a bakin iyaye. Wanda suka gani da idonsu a fuskar waya shi ne na Maiduguri: ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta kasa riƙe ruwa, jama'a na barci ruwa ya shigo gari, gari ya waye mutane suna tsaye a kan gadoji da rufin gidaje suna neman wanda zai kwashe su.

Ba nisa da Bagauda akwai wadda ta ninka ta nesa ba kusa ba, wato madatsar Tiga a kan kogin Kano. An gina ta tsakanin 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tsawon ganuwarta ya kai kimanin kilomita 6, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan mita mai kusurwa biliyan 2. Ita ke shayar da gonakin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kada mai karatu ya ɗauki wannan rubutu ya watsa a WhatsApp cewa Tiga za ta fashe, babu wanda ya ce haka. Amma duk inda ake da babbar madatsa a duniya, ƙa'ida ce a zauna a tsara abin da za a yi idan mafi munin abu ya faru, kamar yadda ake ajiye tukunyar kashe gobara a gidan mai ba don ana fatan wuta ba.

A nan ne matsalar take. Injiniya zai iya lissafa gudun ruwa, da zurfin da zai yi a kowane kwari, da mintin da zai iso kowane ƙauye, domin ruwa ba shi da ra'ayi, gangara kawai yake bi. Mutum kuwa yana da 'ya'ya da shanu da buhunan shinkafa, yana da wanda ya yarda da maganarsa da wanda bai yarda da ita ba. Darasin yau a kan fasahar da ke ƙoƙarin shigar da wannan ɓangare cikin lissafi ne.

Mene ne kwaikwayon kwamfuta?

Duk wanda ya taɓa buga wasan ƙwallo a waya ya riga ya ga abin. 'Yan wasa 22 ne a fili, mai wayar ɗaya kawai yake juyawa, sauran kowa na bin wasu ƙa'idoji da aka rubuta masa: idan ƙwallo ta zo kusa ka bi ta, idan abokin gaba ya kutso ka tare shi. Ba wanda ya rubuta yadda wasan zai ƙare. Sakamakon yana fitowa ne daga haɗuwar waɗannan ƙananan ƙa'idoji.

Haka ake yi da gari. A gina taswirarsa a cikin kwamfuta, da hanyoyi da gidaje da gadoji. Sai a zuba mutanen bogi, kowane ɗaya yana wakiltar mutum na gaske, shi ya sa za a kira shi wakili a wannan darasi. Kowane wakili yana da shekaru, da saurin tafiya, da gidan da yake kwana, da iyalin da yake damuwa da su, da ƙa'idojin yanke shawara. Daga nan sai a saki bala'in, ko ruwa ko wuta ko annoba, a bar agogo ya yi ta tafiya minti bayan minti, a zuba ido a ga abin da zai faru. In an gama a sauya abu ɗaya, a sake. Ana iya nutsar da gari sau dubu a rana ɗaya ba tare da ko kaza ta jiƙe ba.

Dabarar ta girmi wayar hannu. A 1971 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Thomas Schelling, ya yi amfani da kwabbai a kan allo mai gidaje-gidaje kamar na dara, ya nuna cewa ko da kowane mutum ɗan ƙaramin buri gare shi na samun wasu maƙwabta irinsa, a ƙarshe gari kan rabe unguwa-unguwa. Babu wanda ya nufi rabuwar, amma ta faru. Irin wannan sakamako, wanda ba a iya hango shi ta kallon mutum ɗaya, shi ake nema a kwaikwayo.

Lissafin takarda da lissafin mutane

Ga misali, kuma lambobin nan na koyo ne, ba na wani ƙauye na gaske ba. A ɗauka akwai ƙauye a ƙasan madatsa mai mutum 1,200. Hanyar hawa tudu ɗaya ce, ta kan wata siririyar gada da ke ɗaukar mutum 30 a minti. Daga gidaje zuwa gadar tafiyar minti 20 ce. Injiniya ya ce idan ganuwa ta ɓalle, ruwa zai rufe gadar bayan minti 90.

Jami'in da ke zaune a ofis zai ɗauki biro: 1,200 a raba da 30, minti 40 ke nan. A haɗa da minti 20 na tafiya, ya zama 60. Saura minti 30 rara. Sai ya rufe fayil ya ce ƙauyen nan ba shi da matsala.

Yanzu a sa halin mutane. Kafin labari ya iso wurin mai unguwa a kunna lasifikar masallaci, minti 10 sun tafi. Da jin sanarwa ba wanda zai zura da gudu. Maigida zai fito ƙofar gida ya tambayi maƙwabci, wani zai buga waya ga ɗan'uwansa da ke Tiga, wani zai ce bara ma haka aka ce ba abin da ya faru. A ba wannan minti 20. Sai tattara yara, ɗaukar tsohuwa, kwance akuya, neman takardun gona da katin banki: minti 15. Sai tafiyar minti 20. An iso bakin gada a minti na 65. Saura minti 25, a ninka da 30, mutum 750 ne za su haye. Mutum 450 suna wancan ƙetaren lokacin da ruwa zai iso.

Ƙauye ɗaya, gada ɗaya, ruwa ɗaya. Lissafin farko ya ce kowa ya tsira, na biyu ya ce sama da kashi ɗaya cikin uku suna cikin haɗari.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne gyaran. Idan aka gina gada ta biyu, mutum 60 za su riƙa hayewa a minti, minti 25 sun ishi kowa. Wannan aikin miliyoyin naira ne, kuma sai an jira kasafin kuɗi. Idan kuma aka rage minti 15 daga ɓata lokacin da ake yi kafin a tashi, za a iso gada a minti na 50, saura minti 40, a ninka da 30, daidai mutum 1,200. Ke nan minti 15 na saurin yarda da sanarwa sun yi aikin gada guda. Ana iya samun su ta hanyar da ba ta cin kuɗi sosai: jama'a su san tun da wuri muryar wa za su ji, da inda za su nufa, da abin da za su ɗauka.

To in dai biro da takarda sun iya wannan, me kwamfuta za ta ƙara? Lissafin da ke sama ya ɗauka kowa lokaci ɗaya zai tashi, lokaci ɗaya zai iso. A zahiri gidajen da ke kusa da gada za su riga, su ci moriyar mintunan da take wayam, wannan zai rage asara. A ɗaya hannun, wani zai shigo da kurar shanu ta maƙale a tsakiya, yawan masu hayewa ya faɗo daga 30 zuwa 20. Uban da ya riga ya haye zai tuna ɗansa yana makarantar allo a cikin gari, ya juyo yana kutsawa ta cikin masu fitowa. Matar da mijinta ya tafi kasuwa za ta tsaya jiran izini ko jiran wanda zai taya ta ɗaukar yara huɗu. Makiyayi ba zai bar garke ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana shafar na kusa da shi, na kusa da shi ya shafi na gaba. Biro ba zai iya bin mutum 1,200 ɗaya bayan ɗaya ba, kwamfuta kuwa aikinta ke nan.

Kuma sakamakon ƙarfe 2 na dare daban yake da na ƙarfe 2 na rana. Ranar kasuwa daban, lokacin sallar Juma'a daban, kakar yankan shinkafa da rabin gari ke fadama daban.

Manyan hukumomi suna da manhajojin da aka gina don wannan aiki kaɗai. Sashen injiniyoyin sojan Amurka yana da LifeSim. Akwai kuma Life Safety Model da kamfanin lantarki na BC Hydro a Kanada ya fara ginawa, wanda aka jarraba da bayanan fashewar madatsar Malpasset ta Faransa a Disambar 1959, inda sama da mutum 400 suka mutu. Dalilin komawa ga tsohon bala'i a fili yake: idan manhaja ta kasa maimaita abin da ya riga ya faru, ba dalilin yarda da abin da za ta faɗa game da gobe.

Mutane ba sa ruɗewa yadda fim ke nunawa

Kuskuren da sabon mai gina irin wannan manhaja ya fi yi shi ne ya sa wakilansa su haukace da gudu da zarar an yi ƙara. Masu nazarin halayyar jama'a a lokacin bala'i, irin su Enrico Quarantelli da ya shafe shekaru yana bibiyar abin tun wajen 1950, sun gano cewa ruɗewar da ke sa mutum ya tattake ɗan'uwansa ba ta cika faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne jinkiri: mutane su tsaya tabbatar da labari, su nemi iyalansu, su taimaki na kusa.

Masu bincike a jami'ar Virginia Tech sun gina birnin Washington a kwamfuta da wakilai kusan 730,000, suka gwada abin da zai faru idan ƙaramin bam na nukiliya ya tashi a tsakiyarsa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fito shi ne mutane da yawa za su nufi wurin haɗarin da ƙafarsu saboda neman iyali, kuma dawo da layin waya da wuri, ko da wani ɓangare ne, yana rage hakan, domin wanda ya ji muryar matarsa ya san tana lafiya zai zauna inda yake. Wanda ya taɓa neman ɗan'uwa a waya daga cikin dajin Falgore, inda sabis ke ɗaukewa, ya san yadda rashin jin murya ke tayar da hankali.

Abin da ya faru a Mina

Babu misalin da ya fi kusa da zuciyar Bahaushe kamar na aikin Hajji. Ranar 12 ga Janairun 2006, turmutsutsu a mashigar gadar Jamarat ya hallaka alhazai sama da 340. Wani masanin kimiyyar lissafin motsi ɗan Jamus, Dirk Helbing, wanda tun 1995 ya fitar da tsarin kwaikwayon tafiyar masu ƙafa, ya zauna da abokan aikinsa suka bi hotunan bidiyon ranar daki-daki. Sun ga taron ya bi matakai: da farko ana tafiya sumul, sai aka koma a taka a tsaya, daga nan sai jama'a suka fara tangaɗi gaba ɗaya kamar ruwa a cikin baho, ana jefa mutum hagu da dama ba da son ransa ba. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, ba wanda ke da iko da ƙafarsa. Yawancin masu mutuwa a irin wannan hali numfashi ne ke gagararsu saboda matsar ƙirji, wasu ma a tsaye.

Tun a shekarar 2000 Helbing ya nuna a kwaikwayo cewa idan kowa ya ƙara sauri a bakin ƙofa ɗaya, fitar takan ragu, domin jikkuna na cushewa su toshe ƙofar kamar hatsi a bakin mazurari. Da irin wannan ilimi aka sake fasalin Jamarat: sabuwar gada mai hawa-hawa, hanyar shiga daban ta fita daban, ba mai juyowa, kuma kowace tawaga da lokacin jifanta.

Duk da haka, ranar 24 ga Satumban 2015 aka sake yin wani, wanda ya fi na baya muni. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 ne suka rasu, ƙididdigar da kamfanonin labarai suka haɗa daga ƙasashe ta haura 2,000. 'Yan Najeriya da dama na ciki, har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya jiƙansu. Wannan karon ba a kan gadar abin ya faru ba, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223 ne, cikin tantunan Mina, inda ayari biyu suka yi karo. An gyara wurin da aka yi nazari a kai, haɗarin ya koma gefe. Duk kwaikwayo yana da iyakar taswira, kuma abin da ke bayan iyakar ba ya ganinsa.

Wannan ilimi bai tsaya a Saudiyya ba. A Disambar 2024 kaɗai an yi turmutsutsu a wuraren rabon abinci a Ibadan da Okija da Abuja, yara da mata suka mutu. Duk mai shirya rabon tallafi ko zakka a fili mai ƙofa ɗaya yana buƙatar sanin abin da mazurari ke yi wa hatsi.

An taɓa yi wa Kano irinsa

Mutane kaɗan ne suka san cewa jihar Kano ta taɓa shiga cikin irin wannan kwamfuta. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta shanye a jihar an same shi ne a Sumaila a watan Yulin 2014. Bayan nan aka yi shiru. Sai dai shiru ba hujja ba ce, domin cikin yara kusan 200 da ƙwayar ke kamawa, ɗaya ne kawai take shanyewa, sauran suna yawo da ita ba alama. Tambayar ita ce: cutar ta ƙare ne ko ɓuya ta yi?

Masu bincike na cibiyar Institute for Disease Modeling da ke Amurka, tare da Dakta Faisal Shuaib na Najeriya, sun yi amfani da manhajarsu mai suna EMOD suka gina jihar Kano da mutanenta: haihuwa, zirga-zirga tsakanin yankuna, zagayen rigakafi, da yaran da ake tsallakewa. Suka daidaita ta da tarihin cutar na shekarun baya, suka yi ta maimaitawa, suna ƙirga sau nawa ƙwayar ke mutuwa da kanta, sau nawa kuma take ci gaba a ɓoye. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa ta bar Kano. Haka kuwa aka yi, ba a sake ganin ta daji a jihar ba, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wani abin da ya taimaka a yaƙin shi ne taswira. An zana ƙauyuka da rugage daga hoton tauraron ɗan'adam, an ba masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, sai aka gano matsugunan da ba sa cikin tsoffin takardu. Wanda ba ya cikin taswira ba zai shiga kwaikwayo ba, wanda bai shiga kwaikwayo ba kuwa ba za a tanadar masa mota ranar gudu ba.

Labarin shan inna yana da wani gefen. A 2003 aka dakatar da rigakafi a Kano saboda zargin da ya bazu game da maganin, ba a dawo ba sai Yulin 2004, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Ƙwayar ba ta sauya ba, yardar mutane ce ta sauya. Har yau wannan ne ɓangaren da ya fi wahalar rubutawa a manhaja.

Inda ya shafi Tudun Wada

Tudun Wadar Ɗankadai da Doguwa suna sama da tafkin Tiga ne, ta inda ruwan ke gangarowa daga tsaunukan kudu. Don haka damuwarsu ta bambanta da ta garuruwan da ke ƙasan ganuwa. Tasu ita ce rafin da ke cika cikin sa'o'i kaɗan saboda ruwan da aka yi a can sama, ko da nan ba a ga ɗigo ba, da kwalbatin da in ya karye ƙauye ya yanke daga asibiti, da kuma babbar hanyar da ta taso daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Falgore zuwa Jos, wadda kusan komai na yankin ya rataya a kanta. Tambayoyin da kwaikwayo zai amsa a nan masu sauƙin faɗa ne. Idan gada kaza ta tafi, ƙauyuka nawa ne mai naƙuda ba za ta isa asibiti cikin sa'a ɗaya ba? Idan kwalara ta ɓulla ranar kasuwa, ta wace hanya za ta bi 'yan kasuwa zuwa gida? Idan an kai hari wani ƙauye a bakin daji, wane gari ne zai wayi gari da baƙi, kuma makarantar firamarensa za ta ɗauke su?

Ta ƙarshen ma akwai masu aiki a kanta. Wata manhaja mai suna Flee, da masu bincike a jami'ar Brunel ta Landan suka gina, tana hasashen inda 'yan gudun hijira za su nufa, kuma an gwada ta da rikicin Mali na 2012.

Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, NiMet na fitar da na ruwan sama, NEMA da SEMA na gargaɗi. Yawanci gargaɗin kan tsaya ne a matakin ƙaramar hukuma: wuri kaza na cikin haɗari, a koma tudu. Wane tudu, ta wace hanya, wa zai ɗauki makaho da gurgu, a nan ake barin kowa da dabararsa.

Gwaji a wayar hannu

Ba sai da babbar kwamfuta ake fara koyo ba. NetLogo manhaja ce ta kyauta da Uri Wilensky ya fitar a 1999, kuma tana da sigar da ke buɗewa a birauza mai suna NetLogo Web. A ƙaramar fuska tana da ɗan wahalar latsawa, gara a kwantar da wayar a kuma zaɓi yanayin kwamfuta a Chrome. A cikin jerin misalanta a nemi Fire. Daji ne, da wuta da ke tasowa daga gefen hagu, da ma'aunin yawan bishiyoyi. A sa shi a 55, a latsa setup sannan go: wutar za ta ɗan ci ta mutu. A ɗaga zuwa 63: za ta ratsa har ɗaya gefen. Wajen 59 ne abin ke juyewa. Bambancin kaɗan ne a lamba, amma a sakamako sama da ƙasa ne, kuma bala'o'i da yawa haka suke. Sai a gwada Traffic Basic, inda cunkoson motoci ke haɗuwa ba tare da haɗari ko shingen kowa ba, da Virus don ganin yaɗuwar cuta.

Wanda ya fara taɓa Python zai iya rubuta ƙauyen misalin nan da kansa a Pydroid 3 ko Google Colab, layukan ba za su kai ɗari ba. A ƙirƙiri wakilai 1,200, kowa a ba shi nisansa daga gada, da saurinsa, da mintunan jinkirinsa, a bar kwamfuta ta zaɓo su a cakuɗe tsakanin ƙarami da babba. A yi madauki mai zagayawa sau 90. A kowane zagaye, wanda jinkirinsa ya ƙare ya matsa gaba, wanda ya iso gada ya shiga layi, mutum 30 na gaba su haye. A ƙarshe a ƙirga na baya. Sannan a ƙara ƙa'ida ɗaya: wakili ba ya tashi sai ya ga maƙwabta biyu sun tashi, in ban da 'yan ƙalilan da suka yarda da sanarwa kai tsaye. A yi ta sauya yawan waɗannan 'yan ƙalilan ana kallon abin da zai faru da sauran gari. Kada a yarda da gudu ɗaya, a maimaita sau 200 a duba mafi kyau da mafi muni, domin shiri na mafi muni ake yi wa. In an ƙware, akwai Mesa da GAMA masu ɗaukar taswirar gaske.

Yanzu ana yayin haɗa wakilai da manhajojin hira irin ChatGPT, tun bayan da masu bincike a jami'ar Stanford suka zuba wakilai 25 a wani ƙaramin gari na bogi a 2023, suka riƙa hira da shirya biki da kansu. Abin sha'awa ne, amma a yi hattara. Yawancin rubutun da aka horar da waɗannan manhajoji da shi na Turanci ne, daga rayuwar wasu ƙasashe. Ka ce da ita ta zama manomi a Doguwa, sai ta ba shi mota da inshora, ta manta da shanun huɗa.

Ko mai ƙwarewa yakan sha suka. A Maris 2020 tawagar Neil Ferguson ta Imperial College ta ce korona na iya kashe mutum kusan 510,000 a Birtaniya idan ba a ɗauki wani mataki ba. An ɗauki mataki, adadin bai kai haka ba, sai wasu suka ce lissafin ƙarya ne. Sun manta da kalmar "idan". Kwaikwayo ba duba ba ne, yana faɗin abin da zai biyo baya ne in sharuɗɗan da aka ba shi sun tabbata, kuma abin da aka zuba a tukunya shi ake kwashewa.

Shi ya sa gudummawar da matashin Kiru ko Bebeji zai bayar ta fi ƙarfi a wajen bayanai. Masanin da ke Landan bai san wane kwalbati ne ruwa ke shanyewa duk Agusta ba, bai san wace hanya ce babur kaɗai ke bi ba, bai san a unguwa kaza maganar liman ta fi ta kansila tasiri ba. Da manhajar StreetComplete ko Every Door ana iya saka asibitoci da makarantu a OpenStreetMap, taswirar da masu agaji ke amfani da ita. Amma a tsaya a kan kayan jama'a. Sunayen magidanta, da wanda ke da shanu nawa, da gidan da ba namiji, ba abin ɗorawa a intanet ba ne, musamman a yankin da ya san masu satar shanu da garkuwa da mutane. Irin wannan bayani ya zauna a hannun mai unguwa.

Lambar da ta fi kowace daraja a misalin ƙauyen nan ita ce ta jinkiri, kuma ana iya auna ta ba tare da kwamfuta ba. Da izinin dagaci, a sanar da jama'a tun da wuri cewa ranar kaza za a yi gwaji, don kada a tayar da hankalin kowa. A ajiye matasa biyar da agogon waya a kusurwoyin gari. A buga wa mai unguwa waya, a fara ƙirga: minti nawa kafin lasifika ta yi magana, minti nawa kafin gidan ƙarshe ya ji, minti nawa tsoho mai sanda zai yi kafin ya kai filin makarantar da ke kan tudu. A sake yi bayan sallar isha'i, lokacin da babu wuta kuma rabin wayoyin gari ba caji. Waɗannan lambobi su za a zuba a manhajar a madadin na misali, su ne kuma za a kai wa jami'in agajin gaggawa na ƙaramar hukuma kafin ruwan Agusta.